Shawarwarin masoya hokin ƙanƙara a Huntsville

Abin da masoyan Chargers na jami'ar Alabama a Huntsville suka fi nanatawa shi ne kuɗi kaɗai ba ya isa. A 2020 aka soke ƙungiyar, magoya baya suka yi karo-karo sama da dala 500,000 cikin 'yan kwanaki aka dawo da ita, sai ga shi 2021 an sake dakatarwa don ɓangaren maza na WCHA, lig ɗin da suke wasa a ciki, ya watse kuma ba lig ɗin da ya karɓe su. To shawarar da ta rinjaya, wallahi ni ma nan na tsaya, a fara samo lig tukuna kafin a sake roƙon jama'a. Wasu kuma suka ce a duba ƙungiyar hokin jami'ar Alaska Anchorage da ta tara dala miliyan 3 ta dawo fili, sannan a sayi tikitin kaka gaba ɗaya a cika kujerun Von Braun Center, inda Chargers suka saba buga wasannin gida.