Daga ina zan fara da wannan koyarwar ta Kalbin?

Bitrus: Salama 'yan'uwa. Kwanan nan duk inda na leƙa a Facebook sai in ga samarinmu sun koma 'yan Rifom, wato masu bin koyarwar Kalbin, malamin tauhidin nan na ƙarni na 16. Abokin ɗakina ma ya hana ni barci da wa'azin Paul Washer, wani mai wa'azin Amurka. Ina so in karanta da kaina kafin a ja ni ta hanci. Me zan fara da shi? Ban da mai tsada don Allah.

Rifkatu: Romawa 9. Kyauta ne.

Yakubu: Rifkatu kin fara ko? Yaro na neman koko kin miƙa masa ƙashi 😂

Istifanus: Bitrus, nemi Katekisim na Heidelberg, littafin tambaya da amsa kan bangaskiya, na 1563. Tambayoyi 129 ne, an raba su Lahadi 52, ka ga shekara guda ke nan a hankali. Tambayar farko ma kan ta'aziyyarka ce a rai da mutuwa, babu gardama a ciki. Babban littafin Kalbin na 1559 bar shi tukuna, ni sau uku ina farawa ina ajiyewa.

Ladi: Ni dai gargaɗi zan yi. A zumuntar matasanmu mun ga abin da idonmu. Wani ɗan'uwa ya dawo daga bautar ƙasa da waya cike da wa'azin Amurka, aka ba shi nazarin Littafi na ranar Laraba don yana da baki. Sati na farko mun ji daɗi, gaskiya, don ya ragargaji masu sayar da man shafawa da masu cewa ka shuka iri ka girbi mota. Sati na uku sai ya tsayar da waƙa a tsakiya, wai kalmominta ba daidai ba ne. Daga nan ya ce kiran masu tuba su fito gaba bidi'a ce. Wata mama daga Zumuntar Mata da ɗanta ya rasu bai daɗe ba ta tare shi a bakin majami'a, tana riƙe da jakarta da hannu biyu, ta ce, "Ɗana, nawa yana cikin waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto?" Sai ya buɗe waya zai karanta mata aya. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Kafin Kirsimeti zumunta ta rabu biyu, dattawa suka karɓe nazarin, shi kuma ya koma yin sujada a falonsa da mutum shida. Ban ce koyarwar ƙarya ce ba, Afisawa 1 tana nan ban goge ta ba. Amma in za ka karanta, Bitrus, ka samu babba ka zauna ƙarƙashinsa. Waya ba ta zuwa gaisuwar mutuwa.

Hannatu: Kai, Ladi. Allah ya ta'azantar da maman nan.

Yakubu: Mutum shidan har da matarsa?

Ladi: Har da ƙanenta.

Baba Ishaku: Yarana, dariya kuke ba ni da kuke ce wa abin nan sabo. Mu a Takum a cikinsa muka tashi. 'Yar mishan Johanna Veenstra ta shigo ƙasar nan a 1920, ta zauna Lupwe, ta rasu a Vom a 1933, ga makarantar tauhidi a Donga da sunanta. Ikilisiyoyin CRCN, NKST a ƙasar Tibi, ERCC a Nasarawa, duk gidan Rifom ne. Ku dai sai da Bature ya faɗa a YouTube kuka ji.

Istifanus: Gaskiya ne Baba. Sai dai yawancin samarin yanzu ta wajen Baftis suka shigo, ikirarin bangaskiyar Baftis na 1689 suke riƙe da shi. Shi ya sa nake cewa a saurari Fasto Conrad Mbewe na Lusaka, ɗan Afirka ne, ya san ciwonmu.

Markus: To Baba, baftismar jarirai fa? A wace aya?

Baba Ishaku: Mai gadin kurkukun Filibi, shi da dukan gidansa. Ayyukan Manzanni 16.

Markus: Wa ya ce akwai jariri a gidan, Baba?

Baba Ishaku: Wa ya ce babu, ɗana?

Rifkatu: Markus, mutanen taron ikilisiya na Dort daga 1618 suka zauna har 1619 kan batun zaɓen Allah da wasu batutuwa. Kai kana so ka ƙara da ruwan baftisma ka gama a daren nan da data ta naira 200.

Hannatu: Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne kalmar ƙaddara. Da ka faɗe ta da Hausa sai mutum ya ji kamar an ce ya naɗe hannu. Abokiyar aikina Musulma ta ce ai su ma malamansu sun daɗe suna tattauna wannan. Ba mu da wata kalma ne?

Istifanus: Ni zaɓen alheri nake cewa. In kin shiga Bukuru ki leƙa shagon littattafan ACTS a makarantar tauhidi ta TCNN, za ki samu ƙananan littattafai masu sauƙin kuɗi a kan wannan.

Yakubu: In za ki, ki biya Jos ki taho mana da dankali.

Markus: Baba ban gama ba fa, gobe zan kawo ayoyina.

Baba Ishaku: Kawo. Ka zo da kuɗin ankon da ake binka tun watan jiya.

Bitrus: To wai in fara da Heidelberg ɗin ne ko Romawa?

Yakubu: Au, kana nan?