Lamba mai alƙaluma miliyan 41: wa ya zauna ya gwada raba ta?

Baban Husna:
Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i 'yata ta ɗaure ni da tambaya. A makaranta an faɗa musu lambar firam ita ce wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, kamar 7 da 13, kuma mafi girma da aka sani tana da alƙaluma 41,024,320. Ta ce, "Baba, wa ya gwada raba ta da duk lambobin da ke ƙasa da ita?" Ni ɗan tireda ne, lissafina bai wuce na canji ba, na ce ta bari sai gobe. To, ga goben ta zo.

Malamin Aji Uku:
Wa alaikumus salam. Husna ta yi tambayar manya. Babu wanda ya gwada, don ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa ba za su gama ba. Asirin yana cikin ƙirar lambar: a jera 2 guda 136,279,841, a ninka su, a cire 1. Irin waɗannan ana kiran su lambobin Mersenne, kuma suna da gajeriyar hanya, gwajin Lucas-Lehmer.

Ku gwada da 31, wato 2 guda biyar a cire 1. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2: 14. Maimaita: 194, raba da 31, saura 8. Maimaita da 8: 62, raba da 31, babu saura. Tunda taku na uku, wato biyar ban da biyu, ya ba da sifili, 31 firam ce. Babbar ma haka aka yi mata, sai dai takunta 136,279,839 ne. Luke Durant ne ya gano ta a Oktoban 2024, ƙarƙashin shirin GIMPS, na 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu.

'Yar Jami'a:
Malam, a ƙara mata da wannan, kada ta ɗauka duk mai wannan ƙira firam ce. 11 firam ce, amma 2 guda goma sha ɗaya a cire 1 yana ba da 2047, wanda shi ne 23 sau 89. Ni abin da ya fi ba ni mamaki Lucas ɗin kansa ne, da a 1876 ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39 da hannu.

Baban Husna:
Allah ya saka da alheri. Mun zauna a shago da 127, wato 2 guda bakwai a cire 1, a bayan kwalin sabulu: 4, 14, 67, 42, 111, sannan sifili. Sau biyu ina kuskure a 67 sau 67, tana yi mini dariya. Yanzu kuma wai da wane alƙalami babbar take ƙarewa?

Malamin Aji Uku:
Da 1. Ta duba ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32, 64, ta ga yadda yake zagayawa hurhuɗu. Kada ka faɗa mata, Alhaji, bar ta ta nemo.