Taifot ɗin yarona ta ƙi tafiya, ko gwajin ne?

'Yar Aboabo:
Salam jama'a, don Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Yarona ɗan shekara 9 tun bayan ƙaramar sallah zazzaɓi ke zuwa yana tafiya, sau uku ana ɗibar jininsa a wani ɗan lab a layinmu, duk ukun wai taifot, ko minti 20 ba a yi an miƙo min takarda. Ya sha cipro har ya fara ƙin abinci, ya ɗan warware kwana biyu jiki ya sake ɗaukar zafi. Wai taifot ba ta barin mutum ne? Wallahi kuɗina duk sun ƙare a shagon magani.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan na minti 20 ɗin Widal ne, tsohon gwaji tun 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jini ya haɗa yake gani, shi ya sa wanda ya taɓa yin taifot can baya ko mai maleriya ma sai ya nuna wai yana da ita. Mai tabbatarwa shi ne kalca. A zuba jinin a kwalba mai abincin ƙwayoyin, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum a jira kwanaki, in ƙwayar taifot ɗin, Salmonella Typhi, na ciki za ta hayayyafa, sai a shafa ta a faranti a jera ƴan takardun magani a kai, wanda ke kashe ta za ki ga fili fes ya zagaye shi. Ki kai shi asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi likita ya duba shi, ki faɗa masa ranar da ya sha cipro na ƙarshe don maganin kan hana ƙwayar fitowa. Kar a ƙara saya masa wani haka kawai, irin haka ne ke sa ta daina jin magani, a Pakistan tun 2016 suke fama da wadda ta gagari yawancin magunguna.

Tsohon Asawase:
'Yata, ruwan da yake sha fa? Ita ta baki take shiga, daga bayan gidan wani. Rijiyar gidanmu taku goma ne tsakaninta da masai, tun kwalarar 2014 da ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan Ghana na hana kowa sha sai an tafasa, yara suna ta gunaguni wai ɗanɗanon tukunya.

Ɗan Lab:
Baba ya yi gaskiya, ruwa ya yi garau a kofi ba shi ke nuna lafiya ba. Mu E. coli muke nema, ƙwayar da ke cikin bayan gida, ko ɗaya aka samu a mililita 100 to bayan gida ya shiga ruwan. In ba halin tafasawa a sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, a jira minti 30.

'Yar Aboabo:
Na gode ƙwarai, Litinin in sha Allah za mu je. A gida fiya wata muke sha, amma koko da waakye (shinkafa da wake) da yake saya a bakin makaranta ne ban san da wane ruwa ake wanke kwanukan ba.