Yaya ake lissafa amfanin yi wa yara rigakafi lokacin annoba?

Mai_Nazari: Salamu alaikum. A annoba irin ta korona, yara ba su cika jigata kamar tsofaffi ba. To da me ake auna amfanin yi musu allura?

Ɗan_Lissafi: Wa alaikumus salam. Fara da amfanin yaron kansa. A ce cikin yara 100,000 da ba a yi wa allura ba, 50 za su kwanta asibiti cikin wata shida, allurar kuma tana rage haɗarin da kashi 80 cikin 100. An kare 40 ke nan, wato sai an yi wa yara 2,500 kafin a hana kwanciya ɗaya. Daga nan a debe waɗanda illar allurar ta kwantar.

Ma'aikaciyar_Jinya: Malam, wajen 50 ɗin nan aka fi yin kuskure. Yaron da karaya ta kawo, gwaji ya nuna cutar, bai kamata ya shiga lissafi ba. Masu ciwon suga ko ciwon zuciya kuma a ware su daban, haɗarinsu ya fi yawa. Kariyar ma tana raguwa da watanni.

Ɗan_Lissafi: Gaskiyarki, Malama. Saura kakanni da iyayen da yaro zai iya shafa wa. Wannan ana ƙirga shi ne kawai idan allurar tana rage yaɗuwa, ba tsananin ciwo kaɗai ba.