"Sabo turken wawa": ana faɗa wa uwa a kan tandarta?

Maman Ilham, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jama'a a warware mini. Ƙanena ya sayo wa Inna sabuwar tandar waina ta ƙarfe a Kasuwar Bacci, ta sa masa albarka ta ajiye, ta ci gaba da suya a tsohuwar tandarta ta ƙasa wadda gefe ɗaya ya ɓantare. Tun kayan aurenta take da ita. Shi kuma ya ce "sabo turken wawa". Inna ba ta tanka ba, amma na ga ranta ya sosu. Nan ne muhallin wannan karin magana?

Malam na Kawo: Wa alaikumus salam. Ba nan ba ne. Turke shi ke hana dabba zuwa inda ciyawa take. Ana yin maganar ne ga wanda sabo ya ɗaure a inda yake cutuwa: mai zaman gidan da ake wulaƙanta shi, ko ɗan kasuwar da ya nace wa rumfar da ba ciniki. Sai an sami asara kafin a kira sabo turke. Me Inna ta rasa? Sannan ko da ta dace, ɗa ba ya jefa wa mahaifiya kalmar wawa. Ya je ya nemi gafara.

Abban Sadiq, Kakuri: Malam, na yarda da zancen ladabi. Amma a duba, akwai asara wani lokacin. Akwai gidan da turmi ya tsage, hatsi na maƙalewa a tsagar yana ruɓewa, an ƙi sakewa don na kaka ne. Wannan ai turke ne.

Hajiya mai waina, Unguwar Sarki: Ɗana, turmin da ya tsage daban, tanda daban. Sana'ata ce, bari in gaya maka. Sabuwar tanda kama ƙullu take yi, sai an yi ta shafa mata mai ana gasa ta kafin ta horu. Tsohuwa kuwa ta sha mai ta ƙoshi, gurbinta ya yi baƙi sumul. Ka zuba ƙullu, gefen ya soyu, ka sa cokali ka juya, ta tashi ɗungurungum ba ta bar komai ba. Ta ƙasa tana riƙe zafi a hankali, cikin waina ya nuna kafin bayanta ya ƙone. Ta ƙarfe saurin fushi gare ta, kana waiwayawa ta babbake. Kuma Inna ta san gurbin da ya fi zafi da wanda sai an jira shi, hannunta ya haddace. Da tsohuwar zuma ake magani.

Uwargida daga Rigasa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma zancen zuma amfani yake nufi. Ni ina da muciyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ta siɗe har ta gajarce, ba ta tuƙa tuwon mutum biyar. Ba ta da wani amfani, kuma ba zan yar ba. Inda take riƙewa ya lotsa daidai yatsunta. Abin da ya dace da irin nawa shi ne "sabo ake yi wa kuka".

Malam na Kawo: Amin. Amma wannan a gidan rasuwa ake faɗarta, mutum ake nufi.

Uwargida daga Rigasa: Ai mutum nake nufi, Malam. Ba icen nake wa ba.

Abban Sadiq, Kakuri: To wannan ban ja ba. A ajiye a ɗaki, a sayi wata don aiki.

Maƙeri a Panteka: Mu nan narka tsofaffin tukwanen alminiyam muke yi, mu zuba a ƙirar yashi, sabuwa ta fito. Mata kan kawo tukunyar da gindinta ya ɓule, in na ce a narka ta fi sauƙi, sai su ce a'a, a yi mata faci. Kuɗin facin wani lokaci ya kusa na sabuwa, suna sane suke biya. Ban taɓa ganin wauta a fuskar ko ɗaya ba. Abban Sadiq, turmin nan da ka ambata in na ƙirya ne kada a faskara shi, a kawo a ɗaure shi da ƙarfe, a toshe tsagar.