Musayar Waƙa: Kwana Sha Ɗaya Tsakanin Rana da Wata

Mai Allo:
Da sunan Mai rana da wata na fara,
Malamai, ga tambaya, ku zo da amsawa.
Wata sha biyu in an haɗa su daidai,
Kwana 354 ake ƙidayawa.
Shekarar rana 365 da rubu'i,
Kwana sha ɗaya ɓaraka ke buɗewa.
Yahudu, Kirista, Musulmi duk sun gan ta,
Kowa ta ina ya bi wajen ɗinkewa?

Malamar Hisabi:
Malam, bari in fara da ta Yahudu,
Attaura ta ɗaure su, ba kaucewa.
Idin Ƙetarewa, 15 ga Nisan,
Sai lokacin da sha'ir yake nunawa.
In sun bi wata zalla babu gyara,
Cikin hunturu idin zai yi ta zamewa.
Sai suka ɗauki shekara 19,
Bakwai a ciki wata guda ake ƙarawa:
Ta 3, ta 6, ta 8, ta 11,
Ta 14, ta 17, ta 19 ce rufewa.
Watan Adar sau biyu yake zuwa a cikinsu,
Wata 235 ke cika zagayawa.

Na Bakin Zaure:
Malama, Allah ya ƙara basira,
Saura ƙulli guda wajen warwarewa.
Kan shekararsu, 1 ga watan Tishri,
Laraba ko Juma'a ba ya faɗawa,
Don Ranar Kafara, goma ga watan,
Kar ta jingina da Asabar su yi haɗuwa.
Kwana biyu a jere ba a hura wuta,
Mamaci na kwance ba halin binnewa.

Baba Mai Kalanda:
'Ya'yana, Kirista rana suka riƙe,
Ista ce ke sa su wata dubawa.
Taron manyan coci a Nikiya, shekara ta 325,
Ya ce a yi ta tare, ba rarrabuwa.
Ƙa'idar, a jira 21 ga Maris,
Wata ya cika, sai Lahadi mai biyowa.
Watan na jadawali ne, ba na ido ba,
25 ga Afrilu ce iyakar jinkirtawa.
Ga inda ya ɓaci: kalandar Yuliyas
Minti 11 take wa shekara ƙarawa.
Abu kaɗan, amma duk shekara 128
Kwana guda cur yake taruwa.
A 1582 Fafaroma Giregori na 13
Ya yanke kwana goma don daidaitawa.
Aka kwanta Alhamis, 4 ga Oktoba,
Juma'a 15 gari ya yi wayewa.
Shekarar kan ƙarni ba ta samun ƙarin kwana
Sai 400 ta raba ta ba ragowa.
Cocin Rasha na kan tsohon lissafi,
7 ga Janairu Kirsimetinsu ke kamawa.

Mai Allo:
Baba, Allah ya ja kwana. To Musulmi,
Me ya hana su irin wannan cikewa?

Malamar Hisabi:
Larabawan jahiliyya na da nasi'u,
Wata mai alfarma suke ɗagewa,
Bana su halatta, baɗi su haramta,
Tauba, aya ta 37, ta yi tsawatarwa.
Wata sha biyu ne, huɗu na alfarma,
Zulƙida, Zulhajji, Muharram na jeruwa,
Rajab shi kaɗai ya tsaya a gefe,
Na sha uku babu wurin cusawa.
Zamanin Sayyidina Umar aka tsayar
Hijira, 622, mafarin ƙirgawa.
Ran 29 ga wata, da faɗuwar rana,
Yamma ake duba, jinjiri ake nemowa.
In hadari ko hazo ya rufe shi,
Talatin za a cika, ba gaggautawa.
A Malikiyya adilai biyu ne shaida,
Ko taron da ƙarya ba sa iya ƙullawa.
Wanda ya ce ya gan shi, alhali
Wata ya riga rana wajen faɗuwa,
Zara ce ko siririn gajimare,
Shaidarsa a ajiye, sai an yi tantancewa.

Na Bakin Zaure:
Shi ya sa azumi ke ratsa zafi da sanyi,
Shekara 33 gurbinsa yake komowa.
Zakkar hatsi ba ta jiran kalanda,
Ranar girbi ne lokacin fitarwa.
Ta kuɗi kuwa shekarar wata take bi,
Mai jiran Janairu ya yi lattin bayarwa,
Kwana sha ɗaya bana, baɗi ya ninka,
Haƙƙin talaka ke nan yake tauyewa.