Kek mai siffar allo don walimar sauka: ya zan yi kada ya narke min a zafin Kano?

Maman Biyu, Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babban yarona zai yi saukar Alkur'ani nan da sati uku, kuma na ƙudura a raina ni da hannuna zan yi masa kek ɗin walima. Ba wai babu masu yi a unguwarmu ba, akwai su kuma sun iya. Amma yaron nan shekara shida ina tashinsa da asuba, ni ce mai wanke masa allo, ni ce mai haɗa masa tawada da ƙaro. Ina son abin da za a ajiye a gabansa ranar ya fito daga kicin ɗina.

Abin da nake so shi ne kek mai siffar allo, irin allon zayyana da ake riƙa wa mai sauka, da kansa da ƙafafunsa, a gefe kuma kurtun tawada da alƙalami. Gashi ba shi ne matsalata ba. Ina yin bota rabin kilo, sukari giram 400, fulawa rabin kilo, ƙwai 10 da hodar tashin kek (bekin foda), yana tashi yana laushi, maƙwabta ma har saƙo suke ba ni. Kwalliyar ce take ba ni tsoro.

Dalili kuwa, bara da ƙanwarsa ta cika shekara biyar na yi mata kek mai siffar malam-buɗe-littafi, na shafe shi da bota aisin (botar da aka buga da garin sukari) ruwan hoda da shuɗi. Da safe ya yi kyau sosai. Muka ɗauko shi a adaidaita sahu za mu gidan kakarta, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, kafin mu sauka fukafukan sun zamo, kalolin sun shiga juna, mai yana tsatsa ta gefen faranti. Yarinyar ta buɗe kwalin ta dube ni, ba ta ce komai ba. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu. To wancan a watan Oktoba ne ma. Wannan kuwa tsakiyar Afrilu zai faɗo, kun dai san Kano a Afrilu, zafi yana kai digiri 40, wutar lantarki kuma sai an ga dama. Firjina yakan kwana biyu bai yi sanyi ba.

Tambayoyina ke nan. Da me zan rufe kek ɗin da zai jure daga safe zuwa la'asar? Ban taɓa murza fondan ba, wato kwaɓin sukarin nan da ake shimfiɗawa a lulluɓe kek, sati uku zai ishe ni koyo? Ta yaya ake fitar da kalar katako? Sai kuma wadda ta fi damuna: allon zayyana na gaske Fatiha da farkon Baƙara ne a tsakiyarsa. Na rubuta a kan kek ɗin ko kada na rubuta? Maigida ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta ba, ƙanwata kuma ta ce ai rubutu ma ana wankewa a sha. Allah ya saka da alheri.

Uwargida Zariya ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa ya yi aiki da shi. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a a gida, kuma abin da ya same ki a adaidaita ya sami duk wadda ta taɓa riƙe cokalin aisin a Arewa.

Ba laifin hannunki ba ne. Bota na gaske tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, wato ko ɗumin tafin hannunki ya ishe ta. Shi ya sa ni daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko ba na karɓar aikin bota aisin tsirara idan na san za a yi tafiya da kek. Ki nemi majarin na masu gashi irin Simas, ta fi jure zafi, ki zuba mata aisin suga ninki biyu na nauyinta, kada ki tsinka da madara. Shi ma ba shi ne rigar waje ba, siririn shafi za ki yi da shi ya kama ɓurɓushi ya zama abin da fondan zai manne a kai. Idan kika labta shi da kauri a ƙarƙashi, zafi na bugawa zai yi laushi ya turo fondan ɗin ya yi ciki ta gefe.

Fondan shi ne maganin Afrilu, kuma sati uku ya isa, tunda allo a kwance yake, fili ne shimfiɗaɗɗe. Masu kek mai hawa uku su ne ke shan wahalar gefe. Ga yadda nake haɗa nawa: babban cokali ɗaya na jalatin a jiƙa a ruwa kwata na kofi, a bar shi ya kumbura, a ɗora kwanon a kan ruwan zafi ya narke ba tare da ya tafasa ba. A zuba gulukos mai danƙo rabin kofi da gilisarin babban cokali ɗaya. Sai a tankaɗe aisin suga kusan kilo ɗaya da rariya mai laushi, a yi rami a tsakiya, a zuba a riƙa cuɗawa har ya daina kama hannu. Ki ɗaure a leda biyu ya kwana. Wanda aka murza ranar da aka haɗa shi yagewa yake yi. Duk kayan nan akwai su a shagunan kayan kek na Sabon Garin Kano, fulawa da sukari kuwa kasuwar Singa ta fi sauƙi idan da yawa za ki saya.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: jalatin daga fata da ƙashin dabbobi ake yin sa, kuma da yawa daga na waje na alade ne. Ki duba jikin kwalin ki ga an rubuta halal ko na saniya. Wanda aka ƙulla a leda babu rubutu, ni ba na saye, balle ga walimar Alkur'ani.

Siffar kuwa, ki gasa a dogon kwano mai inci 9 da 13 kwana biyu kafin ranar, don kek mai zafi ba ya yankuwa. Ki ɗora allon yaron na gaske a kan kwali ki zana, ki rage shi daidai girman kek ɗin, ki yanke ki bi da wuƙa. Abin da kika ƙwaƙule daga ƙasa wajen fitar da ƙafafun, da shi za ki haɗa kan allon. Ɓurɓushin da ya rage ki kwaɓa da ɗan aisin ki mulmula, ga kurtunki.

Kalar katako kada ki wahalar da kanki da kalar ruwa ta kwalba, tana jiƙa fondan ta sa shi danƙo. Hodar cakulan za ki sa. Ki raba fondan biyu, ɗaya ruwan ƙasa mai haske, ɗaya mai ɗan duhu, ki murɗa su tare kamar igiya, ki ninke sau uku ko huɗu kawai, ki murza. Jijiyoyin katakon da kansu za su fito. Idan kika wuce haka wajen cuɗawa sai su haɗe su zama kala ɗaya. Hodar tana busar da shi, don haka ki shafa ɗan majarin a hannunki.

Kuma kada ki sa shi a firji bayan kin rufe. Ko an kawo wuta. Kek mai sanyi idan ya fito cikin zafi raɓa yake tarawa, kala ta fara gudu. Ɗaki mafi sanyi a gidan, cikin kwali, nesa da taga.

Hajiya Malama ta amsa:

Salamu alaikum 'yata. Ni ban iya kek ba, jikata ce ta nuna min tambayarki saboda na daɗe ina koyar da yara a Islamiyya. A kan rubutun kawai zan yi magana.

Ina tare da maigidanki. Maganar ƙanwarki akwai abin dubawa a ciki, gaskiya ne ana rubutun sha, amma ki lura da yadda ake yin sa: a wanke a kwano mai tsabta, mutum ya yi bismillah ya shanye, ba a bar ko ɗigo ya zuba ba. Kek ɗin walima fa? Wuƙa za a sa a tsakiyar aya, a rarraba a leda, yara su ruga da shi tsakar gida, wani ya faɗi a taka, ragowar da ke jikin faranti a wanke ta bi kwata. Na taɓa zuwa walimar da aka yi haka, da idona na ga guntun da ke ɗauke da rabin sunan Allah a ƙasa kusa da takalma. Na sunkuya na ɗauka, amma ban san nawa ne ban gani ba. Masu gidan ba da mugun nufi suka yi ba, son abin ne ya kai su.

Ba fatawa nake ba ki ba, ki tambayi malamin da ya sauke shi, shi ya fi cancanta. Amma in ta ni ce, ki yi zayyanar ki bar tsakiyar ga sunansa da "Barka da sauka". Ai abin da ke sa mutum ya gane allon zayyana daga nesa adon gefen ne, ja da kore da rawaya da baƙi, ba sai ya karanta ba. Allon gaskiya kuma yana hannunsa ranar, ayoyin suna inda ya dace da su.

Ki tuna da malaminsa a rabon. A yanka masa nasa daban tun kafin yara su kewaye faranti.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Anti sannu da ƙoƙari. Mu nan zafinmu ma ya fi naku, don haka bari na ƙara kan abin da Uwargida ta faɗa.

Zayyanar kada ki ce za ki zana ta da tsinke ranar walima, hannu rawa yake yi idan baƙi sun fara sallama. Ki yi ta tun saura kwana huɗu. Ki ɗebi fondan rabin kilo ki cuɗa masa ƙaramin cokali ɗaya na garin CMC, shi ne ke sa shi ya bushe ya yi tauri. Ki raba ki sa kala mai kauri irin ta ɗan gwangwani, da tsinken sakace ake ɗiba. Ki murza da faɗi ki yayyanka ƙananan dala-dala da masu kusurwa huɗu, ki jera a tire su sha iska. Ranar sai dai ki ɗiga ruwa kaɗan a bayan kowanne ki manna. Ja da baƙi su ne masu taurin kai: ja idan kin haɗa za ki ga kamar ruwan hoda, kada ki yi ta ƙara kala har ya yi ɗaci, ki ɗaure ya kwana, da safe zai nuna. Baƙi kuma ki fara daga wanda kika riga kika sa wa hodar cakulan, kala kaɗan zai ci.

Alƙalamin ni da na gamba na gaske zan sa, sabo, a wanke a jingina da kurtun. Siririn abu na fondan karyewa yake yi a hanya.

In kina son ruwan gwal a gefen zayyanar, masu koyarwa a intanet da barasa suke kwaɓa hodar. Ba sai kin bi su ba. Ki shafa majarin siriri a wurin, ki bi da hodar a bushe da ɗan burushi, tana kamawa.

Sai ɗauka. Faranti kada ya zama mai lanƙwasa, katako ko kwali mai kauri ninki uku a naɗe da takardar azurfa. Ki shafa ɗan aisin a ƙasa kafin ki ɗora kek ɗin don kada ya zame. Ku fita kafin ƙarfe tara, a shimfiɗe a ƙasan mota, ba a cinya ba.

Maman Biyu, Kano ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na karanta wa maigida amsarki jiya da daddare, ya je ya sami malamin yaron bayan sallar asuba, shi ma abin da ya ce ke nan. Sunansa kawai zan rubuta da "Barka da sauka", kuma ina so na yi shi da ajami don ya yi kama da allo. Yaron da kansa zai rubuta min a takarda na kwafa, hannunsa ya fi nawa kyau.

Uwargida, na haɗa fondan rabin awo na gwaji shekaranjiya, na murza yau a kan ƙaramin kek. Jijiyar katakon ta fito har ƙanwarsa ta ƙwanƙwasa ta ji ko allo ne. Sai dai ya tsattsage min a kusurwoyi biyu, fuskarsa kuma ta yi yaushi kamar busasshiyar fata kafin na gama ɗorawa. Fanka tana kunne a kicin ɗin lokacin, ko ita ce? Ko gilisarin ne ya yi kaɗan? Na ajiye shi a ɗakin baya cikin kwali zan ga yadda zai kai la'asar ɗin gobe.

Uwargida Zariya ta amsa:

Fankar ce, da kuma jinkiri. Ki kashe ta, ki murza da kaurin da bai gaza na biskit ba, ki ɗora nan take. Kusurwoyin ki fara shafa su da tafin hannu kafin ki taɓa gefe, kuma ki ɗan rage musu kaifi da wuƙa tun a jikin kek ɗin, allon da aka daɗe ana karatu da shi ma ai bakinsa ba kaifi. Ki ƙara gilisarin rabin ƙaramin cokali a na gaba saboda hodar cakulan. Ki turo hoton na gwajin gobe bayan la'asar na gani.